Wanda Ba a Kira Sunansa Ba

Karatu: 1 Sama'ila 16:1-13

A Amurka, kowace shekara manyan ƙungiyoyin ƙwallon zari-ruga irin na ƙasar sukan taru su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai. A 1994 aka gama zaɓe, ba wanda ya kira sunan Kurt Warner. Ƙungiyar Green Bay ta gwada shi, ta sallame shi. Sai ya koma jera kaya da dare a wani kanti a jihar Iowa, amma bai daina horo ba. A 1999 wanda ke gabansa a ƙungiyar Rams ya ji rauni, aka sa shi. A Janairun 2000 suka ci kofin Super Bowl, ya gode wa Yesu a bainar jama'a.

Haka Yesse ya gabatar da 'ya'yansa bakwai gaban Sama'ila, ya bar Dawuda a wurin kiwo. Amma makiyayin nan Ubangiji yake nema. A wurin tumakin ne kuwa ya koyi majajjawa.

Ɗan'uwa, ko an tsallake ka wajen ɗaukar aiki, ko a zaɓen dattawan ikilisiya? Allah bai yi alkawarin kofi ga kowa ba, amma yana ganin zuciyarka. Ka riƙe ɗan aikin da ke hannunka yau da aminci.

Addu'a: Ya Uba, ka raba ni da ɗacin rai, ka koya mini jira. Cikin sunan Yesu, amin.