Tsakanin Sallamawa da Sa Hannu: Hakkin da Ke Wuyan Masu Cinikin Gida a Ingila

A Ingila da Wales cinikin gida ba ya faɗawa a ranar da mai saye ya taya, mai gida ya sallama. Dokar dukiya ta 1989, a sashenta na 2, ta sharɗanta cewa yarjejeniyar sayar da fili ko gida ba ta da ƙarfi sai an rubuta ta, an zuba dukkan sharuɗɗa a cikinta, kowane ɓangare ya sa hannu. Asalin wannan ƙa'ida yana komawa ga dokar hana zamba ta 1677, wadda aka kafa don toshe ƙofar shaidar zur. A aikace lauyan mai saye da na mai sayarwa kowannensu yana riƙe da kwafin da mutuminsa ya sa wa hannu, kuma ciniki yana ɗaure mutanen biyu ne a lokacin da lauyoyin suka yi musayar takardun, galibi ta waya. A ranar ce mai saye yake biyan kafin alƙalami, bisa al'ada kashi 10 cikin 100 na farashi, a kuma tsayar da ranar cika kuɗi da miƙa makulli. Duk abin da ya gabaci musayar, ko da ya ɗauki wata huɗu, tattaunawa ce kawai a wurin kotu.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne sarƙa. Yawancin masu sayen gida ba su da kuɗin saye sai sun sayar da wanda suke ciki, kuma wanda za su saya a hannunsa shi ma yana jiran wani. Sarƙar takan fara da mai sayen gidansa na farko, wanda ba shi da abin sayarwa, ta ƙare da wanda ba ya neman wani gida, kamar magada ko mai barin ƙasa. Tsakaninsu ana iya samun iyalai uku, biyar ko fiye. Babu wanda zai yarda ya ɗaure kansa da saye bai ɗaure mai sayen nasa ba, don haka dole a yi musayar duka a rana ɗaya. Ƙungiyar lauyoyin Ingila ma ta tsara hanya ta musamman ta yin hakan ta waya, kuma kafin alƙalamin da na ƙasa ya biya yakan yi ta hawa daga hannu zuwa hannu har saman sarƙar. Saboda haka wanda ya fi kowa jinkiri shi ne yake yanke wa kowa rana.

Dalilan jinkirin sanannu ne. Ƙaramar hukuma takan daɗe ba ta amsa tambayoyin bincike kan fili ba. Mai duba gini yakan gano damshi ko tsagewa, a koma teburin farashi. Banki yakan ƙiyasta gida ƙasa da abin da aka sallama, kuma takardar amincewarsa da rance tana da wa'adi, yawanci wata uku zuwa shida. Magada ba sa iya kammala sayarwa sai izinin rabon gado ya fito. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yunin 2017, bankuna sun riƙa neman shaidar lafiyar bangon waje na dogayen gine-gine, har cinikin ɗakuna masu yawa ya tsaya cak ba da laifin masu su ba. A cikin wannan jira kowa yana kashe kuɗin lauya, na bincike da na duba gini, waɗanda ba sa dawowa. Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne tsakanin ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na cinikin da aka sallama yana rushewa kafin a kammala.

Tambayar da ta shafi addini da falsafa a nan ita ce: mutumin da doka ta bar wa ƙofar fita a buɗe, shin akwai wani hakki a wuyansa kafin sa hannu? Matsayin dokar Ingila a bayyane yake. A shari'ar Walford da Miles ta 1992, kotun ƙoli ta wancan lokaci, wato Majalisar Dattawa, ta yanke cewa babu wajibcin ci gaba da tattaunawa da kyakkyawar niyya, kowa yana da ikon bin maslaharsa ya janye lokacin da ya so. Mai gida yana iya karɓar tayin da ya fi na farko bayan ya sallama, kuma doka ta tilasta wa dillali ya isar masa da duk tayin da ya shigo har ranar musaya. Mai saye shi ma yana iya rage farashi ana gobe za a yi musaya, ya san cewa mai gida ya riga ya ɗaure kayansa, ba shi da ƙarfin cewa albarka.

Wannan matsayi yana da hujjar da bai kamata a raina ba. Gida shi ne ciniki mafi girma a rayuwar yawancin mutane, kuma a ranar tayi mai saye bai san abin da ke ƙarƙashin rufin ba, bai kuma tabbatar banki zai ba shi kuɗi ba. Ɗaure shi tun ranar zalunci ne. Ban da haka, kowane ɓangare ya shiga ne da sanin cewa maganar ba ta ƙullu ba, domin takardun farko duk suna ɗauke da sharaɗin cewa sai an sa hannu. David Hume, masanin falsafar ƙarni na 18, ya yi bayanin cewa ƙarfin alkawari yana fitowa ne daga al'adar da mutane suka ƙirƙira don amfanin zamansu tare. Idan aka bi wannan ra'ayi, al'ummar da ta amince cewa sallamawa ba ɗauri ba ce ta cire wa kalmar nauyin alkawari da kanta, kuma wanda ya janye bai saɓa komai ba.

Raunin hujjar shi ne ta ɗauki rana ta farko da rana ta tamanin daidai. A rana ta farko babu wanda ya yi asarar kwabo. A ta tamanin mai saye ya biya lauya, wataƙila ya sanar da mai gidan hayarsa zai tashi, ya nema wa 'ya'yansa makaranta a sabuwar unguwa, kuma ya yi duk wannan ne a gaban idon mai sayarwa, da ƙarfafawarsa. Hakkin da ke nan ya samo asali ne daga dogaron da mutum ya jawo wani ya yi a kansa, ko da kalmar alkawari ba ta fita daga bakinsa ba. Masanin shari'a na Jamus Rudolf von Jhering ya kafa wannan tunani a 1861, cewa ana iya yin laifi tun a matakin ƙulla ciniki, kuma Jamus ta shigar da shi cikin kundin dokokinta a rubuce a 2002.

Fiƙihun Musulunci ya daɗe da yanka wannan gaɓa, kuma mas'alar ta shafi Musulmin Birtaniya kai tsaye, domin ko wanda ya kauce wa riba ya sayi gida ta hanyar musharaka ko ijara, a cikin sarƙar nan yake zaune. A asali ciniki yana ƙulluwa da tayi da karɓa, ko da baki ne, kuma Imam Malik bai ɗauki zaɓin majalisi ba, wato ikon warware ciniki muddin mutanen biyu ba su rabu ba, saɓanin Shafi'i da Ahmad. Amma tunda mutanen biyu sun sharɗanta a fili cewa babu ƙulli sai an sa hannu, abin da ke tsakaninsu bai zama ciniki ba tukuna, yana matakin tayi ne. Wannan mataki kuwa yana da nasa hukunci. Hadisi ingantacce ya hana mutum yin tayi a kan tayin ɗan'uwansa, kuma Malik ya fassara hanin a Muwaɗɗa da lokacin da mai kaya ya riga ya karkata ga mai saye, aka shiga maganar sharuɗɗa. Kafin karkatar, ƙarin farashi halas ne, shi ya sa gwanjo ya halatta. Gidan da aka sallama, aka ba lauyoyi aiki a kansa, ya wuce matakin karkata nesa ba kusa ba. Wanda ya shigo da tayi mafi tsoka a wannan lokaci ya faɗa cikin hanin, mai gidan da ya buɗe masa ƙofa kuma ya taimaka masa. Mafi yawan malamai suna ganin cinikin na biyu ya ƙullu, amma da zunubi. Wannan rabewa tsakanin ingancin ciniki a gaban alƙali da halascinsa a gaban Allah ita ce ainihin abin da dokar Ingila ta yi shiru a kansa.

Sai batun alkawari shi kansa. Malamai sun haɗu a kan cewa cika shi abin so ne, kuma hadisi ya lissafa saɓa shi cikin alamomin munafunci, amma sun saɓa kan ko alƙali zai tilasta shi. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wanda aka jingina ga Ibnul Ƙasim da Sahnun, shi ne ana tilastawa idan alkawarin ya rataya da wani sababi, kuma wanda aka yi wa ya shiga ɗawainiya saboda shi. Misalin da littattafai suke kawowa shi ne a ce wa mutum ya rushe gidansa za a ranta masa kuɗin gini, ya kuwa rushe. Gaskiya ne an faɗi wannan ne a kan alkawarin alheri, kamar rance da kyauta, don haka ba za a ɗauko shi kai tsaye a tilasta sayar da gida ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta ɗauki wannan ra'ayi a babin murabaha, ta ce ana fita daga irin wannan alkawari ko dai da cikawa ko da biyan ainihin asarar da aka jawo, in babu uzuri. Mafita ta biyun ita ce ta dace da sarƙar gidaje: a bar wa mutum ikon janyewa, amma asarar da janyewarsa ta haifar ba tare da uzuri ba ta zauna a kansa, ko kotu ta nema ko ba ta nema ba.

Daga nan ake iya rarrabe jinkiri. Wanda ƙaramar hukuma ko izinin gado ya tsare ba shi da laifi, haka wanda bincike ya nuna masa aibi na gaske, ko aikinsa ya kuɓuce, ko rashin lafiya ta same shi. Abin da ke kansa shi ne ya faɗa da wuri. Laifin da ya fi yawa a sarƙa ɓoyewa ne: mai sayarwa da ya ce ya sami inda zai koma alhali bai samu ba, mai saye da banki ya hana rance amma ya yi gum yana neman wani, ko wanda zuciyarsa ta riga ta fita daga cinikin amma yake jan ƙafa don ya ga ko kasuwa za ta motsa. Kowane mako na irin wannan shiru kuɗin wasu yake ci. Rage farashi a daren ƙarshe ba tare da wani sabon aibi ba ya fi waɗannan muni, domin riba ce da aka tatsa daga ƙuncin mutum bayan an jira ya shiga inda ba zai iya juyawa ba.

Sarƙa ta kuma faɗaɗa da'irar waɗanda ake bin mutum hakkinsu. Na biyu a sarƙa bai taɓa ganin na biyar ba, bai san sunansa ba, babu wata takarda a tsakaninsu. Amma ya san yana nan, ya kuma san cewa in ya janye, tsohuwar da ke son komawa kusa da 'yarta ko ma'auratan da ke jiran haihuwa za su koma farko. Ƙa'idar fiƙihu ta hana cuta da cutarwa ba ta sharɗanta sanin fuskar wanda aka cuta ba. Hakkinsu bai kai a tilasta wa mutum sayen gidan da bai dace da shi ba, amma ya kai a hana shi wasa da lokacinsu.

Akwai laifin da ba na mutum ɗaya ba, na tsarin ne, domin tsarin da ke barin mutane wata da watanni suna kashe kuɗi ba ɗauri yana jarraba har mai amana. Fiƙihu ya yarda da ciniki bisa zaɓi, amma da wa'adi: Abu Hanifa da Shafi'i sun tsaya a kwana 3, Malikiyya suka auna shi da irin kayan, suka ba gida kimanin wata guda. A Faransa ana sa hannu kan yarjejeniyar farko da wuri, mai saye yana da kwana 10 na sake tunani, kuma rashin samun rance yana warware ta ba tare da tara ba. A Sikotlan tun Disambar 2008 mai sayarwa ne yake gabatar da rahoton lafiyar gida kafin a taya. Ingila ta gwada makamancin wannan a 2007, ta dakatar da shi a Mayun 2010. Abin da ya rage wa mutum a can shi ne yarjejeniyar da mai gida zai ɗaure kansa cewa ba zai saurari wani mai saye ba na wani ƙayyadadden lokaci, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta amince da ita a 1993, muddin an faɗi wa'adin.

Bayan musaya kuwa doka da fiƙihu sun koma magana ɗaya: ciniki ya ɗaure kowa. Idan mai saye ya kasa cika kuɗi a ranar da aka tsayar, sharuɗɗan da lauyoyin Ingila suka saba amfani da su suna ba ɗayan ikon aika masa gargaɗin kwana 10 na aiki, in wa'adin ya wuce kafin alƙalaminsa ya tafi, ana kuma iya binsa sauran asara. Hanyar sassauci da ta rage ita ce iƙala, wato mai hakki ya yarda a warware ciniki don tausaya wa wanda ya yi nadama. Hadisi ya kwaɗaitar da ita, amma babu wanda ake tilasta wa, kuma a cikin sarƙa ba ta yiwuwa cikin sauƙi sai an sami yardar waɗanda nasu cinikin ya rataya da wannan.