Ranar Masu Rubuta Manhaja: Idi Ce Ko Biyan Bashi?

 

Ya ƴan'uwa masu karatu, akwai wasu ranaku biyu a cikin watan Satumba waɗanda ma'abota ilimin kwamfuta suke girmamawa. Ta farko ita ce ranar masu rubuta manhaja, wato masu tsara umarnin da na'ura take bi. Tana faɗowa a rana ta 256 ta shekarar Miladiyya, wato 13 ga Satumba, ko 12 ga wata a shekarar da Fabrairu ya cika kwana 29. Sun zaɓi wannan adadi ne domin shi ne yawan siffofin da ƙwaya ɗaya ta ma'ajiyar kwamfuta, wadda suke kira bait, take iya ɗauka. Ƙasar Rasha ta amince da ranar a hukumance a shekarar 2009. Ta biyu ita ce ranar ƴancin manhaja, wadda aka soma a 2004, ana kuwa yin ta a Asabar ta uku ta watan.

Wani ɗalibi ya tambaye ni bayan sallar La'asar: "Malam, shin Musulmi zai iya halartar irin wannan taro, alhali idinmu biyu ne kawai?" Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa a natse.

Abu na farko, lalle Idi ibada ne. Lokacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zo Madina ya tarar da mutanenta suna da ranaku biyu na wasa, sai ya sanar da su cewa Allah Ya musanya musu da ƙaramar Salla da babbar Salla. Ba mai ikon ƙara na uku. Amma ranar da mutane suka ware domin tunatarwa kan wata sana'a, ba tare da ƙudurta tsarkinta ko neman lada a cikin ita kanta ranar ba, malamai sun yi saɓani a kanta. Wasu sun ƙi ta domin toshe ƙofar koyi da baƙin al'adu, wasu sun sanya ta a babin al'ada, wadda asalinta halacci ne matuƙar ba ta ƙunshi saɓo ba. Ni na karkata ga ra'ayi na biyu, tare da girmama na farko.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne bashin da wannan rana take tunatar da mu. A shekarar 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya shelanta aikin da ya kira GNU, da nufin samar da manhajar da kowa yake da ƴancin amfani da ita, da nazarin asalin rubutunta, da gyara ta, da raba ta ga wani. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, daga baya aka sake ta ga jama'a bisa wannan sharaɗi. A kan Linux aka gina Android, wadda take tafiyar da mafi yawan wayoyin da ke aljihunmu. Ashe mai sauraren karatun Alƙur'ani a wayarsa a Maraɗi ko Damagaram yana shan ruwan rijiyar da bai san wanda ya haƙa ba. Wannan ya yi kama da waƙafi a wurinmu, ya kuma dace da abin da muka koya a makaranta na munin ɓoye ilimi.

To, yaya duniya ta saka wa masu haƙa rijiyar? A shekarar 2014 aka gano wani babban aibi, wanda aka laƙaba wa suna Heartbleed, a cikin manhajar OpenSSL, wadda ɗimbin shafukan intanet suka dogara da ita wajen tsare sirrin mutane. Da aka bincika, sai aka tarar mutane ƙalilan ne suke kula da ita, gudummawar da suke samu kuwa ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, alhali manyan kamfanoni suna cin riba da guminsu. Sai da asiri ya tonu sannan aka tara musu kuɗi.

A nan hatsarin ware rana yake. Ɗan Adam yakan yi yabo na yini ɗaya domin ya sauke wa kansa nauyin shekara guda. Mun san haka a gida: kowace 3 ga Agusta ana dashen itatuwa a Nijar, amma icen da ya rayu shi ne wanda ya sami mai ba shi ruwa a watan Afrilu, lokacin da babu ganga babu baƙi. Haka ranar ma'aikata, haka ranar malaman makaranta. Idan rana ta zama madadin haƙƙi, ta zama yaudara. Idan ta zama mafarin biyansa, ta yi amfani.

Saboda haka na ce wa ɗalibin nan: je ka, amma kada ka kira ta Idi, kada ta shagaltar da kai daga salla, kuma kada ka dawo hannu rabbana. Ka koyo abin da za ka koyar da ƙannenka kyauta kamar yadda ka samu kyauta. Idan ka iya, ka taimaka wajen mayar da wata manhaja cikin Hausa, domin wanda bai yi boko da nisa ba ya amfana. Idan kana da dukiya, ka tallafa wa masu aikin. Kuma ka tuna cewa kalmar da suke kiran tsarin lissafinsu da ita, algoritim, daga sunan Alkhawarizmi ta fito, malamin Bagadaza na ƙarni na 9 Miladiyya. Wanda magabatansa suka ba duniya irin wannan, bai kamata ya tsaya a sahun masu karɓa kawai ba.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya sa mu cikin masu godiya da aiki, Ya gafarta mana kurakuranmu. Amin.