Laifin wa ne in ba a ji babbar sarewa ba?

Mu da muka tashi muna jin kakaki a ƙofar fadar Damagaram ranar Salla, kunnenmu ya saba da abu ɗaya: in abin busa ya yi tsawo, amonsa ma zai yi nisa. A dangin sarewar Turawa, waccan ta ƙarfe da ake riƙewa a kaikaice, lissafin juyewa yake yi. Ƙaramarsu, pikolo, wajen santimita 32 ce, amma tana keta ƙarar babbar ƙungiyar makaɗa gaba ɗaya. Wadda aka saba gani tana da wajen santimita 67. Sai alto mai kusan 86, sai bas, wadda bututunta ya kusa mita ɗaya da rabi, har sai an lanƙwasa kanta kafin yatsu su kai inda ake dannawa. Duk wadda ta fi girma, ita ta fi saurin ɓacewa cikin taro. In ingancin ƙira ɗaya ne kuma, ita ta fi tsada.

To ga tambayar da nake son mu tauna. Mutum ya zuba kuɗinsa ya sayi murya mai kauri marar amo, ya shiga cikin masu amo, ba a ji shi ba. Wa ke da laifi, shi ko su?

Bari mu fara ganin abin da ya hana ta amo. Sauti girgizar iska ce. Sautin ƙasa na sarewar da aka saba yana girgiza sau 262 a sakan guda, na alto sau 196, na bas sau 131, rabin na farko kenan. Kunnen ɗan Adam kuwa ya fi kama abin da ke tsakanin 2,000 da 5,000. Shi ya sa in ka saurari bas a salula, abin da ƙaramar lasifikar nan ke ba ka inuwarta ce kawai. Amma abin da ya fi ja mini hankali shi ne yadda ake busa ta. Bututun yana da faɗi, yana son iska mai yawa, mai tafiya sannu, kamar mai huci a tafin hannu lokacin ɗari. In ka ƙufula ka matsa mata iska don a ji ka, ba amo za ta ƙara ba: sautin tsalle zai yi ya koma sama, ya zama siriri. Sai ka ga ka sayi bas da tsada, kana fitar da abin da ƙaramar sarewa ta fi ka iyawa.

Tsadar kuwa ba wasa ba ce. Sabuwar alto ta kamfanin da aka sani takan kai yuro 1,500 ko fiye, wato kusan miliyan ɗaya na sefa, tun da yuro ɗaya sefa 656 ne. Bas ta wuce nan nesa. Ban da kuɗin jirgi da na kwastan, ban da ɗawainiyar gyara, don ƴan matasan da ke toshe ramukan ba sa shiri da ƙura da bushewar hunturu irin namu, kuma in ɗaya ya fara yoyon iska, sautukan ƙasa ne ke fara mutuwa, su da aka saye ta dominsu.

Me zai sa mutum ya yi wannan ciniki? Kada mu yi saurin cewa tawali'u ne. Bas ba ta cika kunne, amma tana cika ido. Wanda ya fito da ita daga akwati, kowa sai ya waiwayo, kuma akwai mai saye don wannan waiwayen kawai. Akwai kuma irin Theobald Boehm, mutumin Munik a Jamus, wanda ya fito da tsarin sarewar zamani a 1847. A shekarun 1850 ya ƙera alto bisa wannan tsari, kuma ita ya fi so a tsufansa. Mutumin da duniya ke busa ƙirarsa ba ya neman a waiwaye shi. Muryar ce ta yi masa.

Akwai masu cewa laifin na mai saye ne, kuma maganarsu tana da ƙarfi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba wanda ya tilasta maka, kai ka zaɓi abin da ba ya amo, don me za ka ɗora wa mutane ashirin nauyin yin shiru? In kana son a ji ka, ga makirfo. Haka masu jaz suka yi, kuma da shi ne bas ta samu shiga faifai da kiɗan fina-finai. Na yarda da wani sashe na wannan. Mai busa yana da nasa bashin: ya koyi riƙe numfashi, ya gyara kayansa, ya san inda zai shigo. Wanda bai iya ba, ko an yi masa shirun makabarta, shirme za a ji, sai dai shirme mai kauri.

Inda na rabu da su shi ne nan. Ɓangarorin biyu ba daidai suke ba. Mai ƙaho ko mai ganga zai iya rage ƙarfi, ƙahonsa yana nan ƙaho. Mai bas ba zai iya ƙara ƙarfi ba sai ya daina zama bas. Ɗaya ana roƙonsa ya ɗan sassauta, ɗaya ana roƙonsa ya zama wani abu daban. In gyara ya fi sauƙi a hannunka, a ganina kai nauyin ya fi hawa. Makirfo kuma ba ya kashe maganar, don wani ne ke riƙe da maɓallinsa, shi ke yanke wa za a ɗaga, wa za a bari. Manyan masu tsara kiɗa sun gane haka. Ravel ya sa alto a Daphnis et Chloé a 1912, Stravinsky ya sa ta a Le Sacre du printemps a 1913, aikin da ya yi suna wajen hargowa. Amma inda yake son a ji alto da kyau, sai ya janye yawancin makaɗan, ya bar mata fili. Bai ce ta yi ihu ba.

Ku da kuke zama taron ɗalibai a amfi, ko ma fada wajen shayi, kun san mutumin nan. Yana magana sannu, yana tsayawa ya nemi kalma, kafin ya kai tsakiyar jimla an take shi. Sau da yawa ma ɗaliba ce. Shawarar da muke ba su kullum ɗaya ce: ɗaga murya mana! Wasu sukan ɗaga, sai maganar ta fito a gaggauce, ba yadda suka yi niyya ba, mu kuma mu ce ai dama ba su da abin faɗi. Ban ce duk mai sanyin murya yana da gaskiya ba, wallahi akwai mai raɗa ƙarya. Saurare ne haƙƙinsa a kanmu, yarda kuwa sai mun ji abin da ya ce.

Mu ƴan ilimin harshe bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Hausa da karin sama da karin ƙasa take tafiya, ko da yake ba ma rubuta su. Baba mahaifi, baba mahaifiya, da baba na rini, kari ne babban abin da ke raba su. Kuma a cikin jimla, duk karin saman da ya biyo bayan na ƙasa yakan sauko kaɗan, bai kai na gabansa ba. Wato na ƙasan, da ba a lura da shi, shi ke tsara inda na saman zai tsaya. Haka bas take a ƙungiyar masu sarewa zalla: dogayen sautuka take riƙewa a ƙarƙashi, sauran suna daidaita nasu a kanta. Mai sauraro ba ya ce ga ta, sai ranar da ba ta zo ba ya ji kiɗan ya yi sakayau.

Don haka in wani cikinmu Allah ya hore masa har ya kai ga saye, akwai abin dubawa. Alto tana zuwa da miƙaƙƙen kai ko lanƙwasasshe. Mai gajeren hannu ya ɗauki lanƙwasasshe, in ba haka ba kafaɗa za ta gaya masa kafin rabin awa. Ya lura da suna ma, don a tsofaffin takardun kiɗa na Ingila alto ake kira bas, haka Holst ya rubuta a The Planets. Ya gwada sautuka uku na can ƙasa a hankali, ya ji ko suna fita ba tare da ya danne da ƙarfi ba. In da hali kuma, kada ya gwada ta shi kaɗai a ɗaki. Ya kira waɗanda zai riƙa busa da su, har da mai ganga, su yi waƙa ɗaya tare kafin ya biya.