SUNAN ALLAH BA KAYAN NEMAN ƘURI'A BA NE



A ƙasar Indiya akwai dokar zaɓe ta 1951. Sashe na 123 na dokar ya haramta neman ƙuri'a da sunan addini, ko harshe, ko ajin haihuwa, wato tsohon tsarin nan da ke raba mutane manya da ƙanana tun suna cikin uwa. Wanda ya ci zaɓe ta wannan hanya, kotu tana da ikon rushe nasararsa. Ran 2 ga Janairu 2017 alƙalai 7 na Kotun Ƙoli suka zauna a kan maganar. Huɗu suka yanke cewa haramcin bai tsaya ga addinin ɗan takara ba, ya haɗa har da na mai jefa ƙuri'a. Ukun da suka saɓa kuwa tsoronsu shi ne kada a toshe bakin waɗanda aka danne saboda asalinsu. Su ma suna da hujja: kukan wanda aka zalunta daban, ciniki da sunan Allah daban.

A nan Nijeriya ma, dokar zaɓe ta 2022 ta hana yaƙin neman zaɓe bisa addini ko ƙabila, ta kuma hana yin sa a wuraren ibada. Mu firistoci, dokar Ikilisiya ta 1983 ta hana mu shiga harkar jam'iyya ba tare da iznin shugabanninmu ba.

Amma doka tana iya kama bakin ɗan takara, ba ta isa zuciyar mai zaɓe ba. Can lamiri ne mai tsaro. Mu tuna da Sairus, sarkin Farisa. Ba Bayahude ba ne, duk da haka ta hannunsa Allah ya komo da jama'arsa daga bautar Babila. Ahab kuwa ɗan gida ne, shi ne ya ƙwace gonar Nabot.

Saboda haka, in wani ya zo mana yana cewa shi namu ne, mu tambaye shi: albashin malaman makaranta fa? Maganin asibiti fa? Haƙƙin gwauruwa da maraya fa? Bagadenmu na hadayar Misa ne, ba dandalin siyasa ba.

Ubangiji ya ba mu shugabanni masu adalci, ya ba mu hikimar gane su. Amin.