Ilimin da ke Zaune a Yatsu

A Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Malali, ɗalibi ba zai gane katako ya yi sumul ta kallon allo ba, sai ya shafa, yatsunsa su ji. Shin wannan ilimi ne, ko sabo kawai? A ganina ilimi ne cikakke. Masanin falsafa Michael Polanyi ya yi bayani a 1966 cewa sanin ɗan Adam ya fi ƙarfin abin da bakinsa zai iya faɗa. A jami'ar Georgia Tech ta Amurka kuwa, Thad Starner da abokan aikinsa sun ƙera safar hannu mai girgiza yatsu, wadda ta koya wa mutane rubutun makafi alhali hankalinsu na wani wuri.

Mai musu zai ce abin da ya shiga jiki ba da niyya ba, horon dabba ne. Da ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin safar jerin motsi kawai take cusawa, ba ta san lokacin da katako zai tsage ba. Sai dai wannan ganewar ma ta yatsu take shiga, bayan an ɓata katako da yawa a gaban malami. Duk makarantar sana'ar da ta rage lokacin aikin hannu don ƙara darasin allo ta tauye ɗalibanta.