Hukuncin ramuwar gayya bayan rikicin zaɓe

Tambaya: Malam, a rikicin bayan zaɓe an kashe ƙanena, an ƙone mini shago. Matasan unguwa sun ce mu rama a kan 'yan waccan jam'iyyar, wasu kuma sun ce in yar da katin zaɓe. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Allah Ya jiƙan ƙanenka, Ya ba ka haƙuri, Ya mayar maka da mafi alheri.

Ɗan'uwa, ramuwar da ake kiran ka zuwa gare ta haramun ce. Suratul An'am, aya ta 164, ta hana a ɗora wa wani laifin wani. Mai shayin bakin titi da ya liƙa hoton ɗan takara a teburinsa ba shi ya kashe ƙanenka ba. Ko da ka san makashin ido da ido, haƙƙin da Suratul Isra'i, aya ta 33, ta bai wa waliyyin mamaci ta hannun alƙali ake karɓar sa, haka malamanmu na Malikiyya suka tabbatar. Ka kai ƙara, ka tsaya ka ba da shaida, ka nemi diyyar shagonka.

Mun ga inda ɗaukar doka a hannu ta kai mu bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilun 2011. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa cikin kwana uku an kashe mutum fiye da 800 a jihohin Arewa 12: 'yan bautar ƙasa a Bauchi, Musulmi da Kirista a Jihar Kaduna, masallatai da coci-coci sun zama toka. Sakamakon zaɓen kuwa ko ƙuri'a ɗaya bai canja ba. Talaka ne ya binne 'ya'yansa. Maƙwabcinka Kirista yana cikin amanar zaman ƙasa ɗaya, jininsa da dukiyarsa haramun ne a kanka.

Katin zaɓe kuma ka riƙe abinka. Ƙuri'a shaida ce, kuma ita ce hanyar sauke azzalumin shugaba ba tare da zubar da jini ba. A 2015 'yan takara sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja, Jonathan ya buga wa Buhari waya ya amince da faɗuwa, mulki ya sauya hannu. Kafin su, Sayyidina Hasan ɗan Ali ya sauka ya bar wa Mu'awiya mulki a shekara ta 41 bayan Hijira don kare jinin Musulmi.

Duk ɗan siyasar da ya miƙa wa matasanku kuɗi da makami yana da kamasho a zunubin abin da suka aikata, kuma kuɗin haram ne a ci. Ka faɗa musu haka, ka sanar da mai unguwa da limaminku tun wuri.

Wallahu a'alam.