ZUCIYARKA AMANA CE

Nassi: 1 Korantiyawa 6:19-20, 1 Sama'ila 25:36-38

A ƙasarmu idan maigida ya ajiye tumbi, sai a ce arziki ya zauna masa. Idan uwargida ta yi ƙiba, sai a yaba wa mijinta, a ce ya iya riƙo. Amma nauyin da ido ke yabo, zuciya ce take ɗaukarsa dare da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan mace-macen duniya.

Manzo Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa jikin mai bi mazaunin Ruhu Mai Tsarki ne, ba mallakar kansa ba. Mu masu tsaron gida ne kawai, mai tsaro kuwa zai ba da lissafi. Ku tuna da Nabal, mijin Abigail. Ya kwana yana ci yana sha kamar sarki, da safe zuciyarsa ta sandare, bayan wajen kwana goma ya mutu. Hukuncin Ubangiji ne a kan taurin kansa, amma labarin ya isa gargaɗi ga duk wanda cikinsa ke mulkinsa.

Gare ku maza

Kitsen namiji a ciki yake taruwa, ya kewaye hanji da hanta. Irin wannan kitse shi ne mafi haɗari, gama yana jawo hawan jini da ciwon suga, yana kuma taimakawa wajen toshe jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Ciwon zuciya yakan riski maza wajen shekara 7 zuwa 10 kafin mata. Ɗan'uwa, ari awon tela ka auna tsakiyar cikinka. Idan ya wuce santimita 94, haɗari ya soma. Idan ya wuce 102, ya yi yawa ƙwarai.

Gare ku mata

A shekarun haihuwa kitsen mace yakan sauka a ƙugu da cinyoyi, sinadaran jikinta kuma suna ba ta wata kāriya. Da al'ada ta ɗauke, sai kāriyar ta ragu, kitsen ya koma ciki. Awon mace santimita 80 ne, haɗari mai yawa kuwa daga 88. Sau da dama ciwon zuciya ba ya zo wa mace da matsanancin ciwon ƙirji. Yakan zo da haki, kasala, tashin zuciya, ko ciwon baya da muƙamuƙi, sai a ce gajiya ce, a yi jinkiri. 'Yan mata kuma, ku guji ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake sha ba da izinin likita ba.

Abin da za mu yi

Jama'ar Gashuwa sun daɗe suna fama da ciwon ƙoda. Hawan jini da ciwon suga suna cikin manyan masu lalata ƙoda, su ne kuma abokan gāban zuciya. Saboda haka a riƙa awon jini a kai a kai. Wanda awonsa ke kaiwa 140/90 ya ga likita, ko a asibiti mafi kusa, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru.

Allah bai bar mu hannu wofi ba. Ga kifin fadamar Haɗeja da Nguru, ga gero, wake, zogale da kuka. A rage lemon kwalba, soye-soye da dunƙulen miya. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini. A taka ƙasa da sanyin safiya, minti 30, kwana biyar a mako. Zumuntar Mata da ta Maza su duba abin da ake rabawa a bukukuwanmu.

Kada mu nuna wa kowa yatsa, gama wata ƙibar gado ce, wata ta haihuwa, wata ta magani. Sai dai miji ya lura da matarsa, mata ta lura da mijinta, kamar yadda suka yi alkawari a gaban Allah. Kwanakinmu suna hannunsa, amma kada sakacinmu ya bar gwauraye da marayu.

Ubangiji ya ba mu kamunkai, mu ɗaukaka shi da jikunanmu. Amin.